Notis ɗina da rijiyar da ba ta kai ruwa ba

Ranar da na kai notis ɗin barin aiki ba ta taɓa fita raina ba. Lokacin ina helma, wato shugaban masu haƙa rijiya na ƙaramar hukumar Daura, a shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa yana neman gaba. Wani kamfanin haƙa burtsatse a Kano ya ce zai koya mini aikin inji, amma in ban zo kafin ƙarshen wata ba, za su ɗauki wani. Murna ta hana ni cin abinci.

Ku yaran yanzu kuna barin aiki ta waya. Mu a yarjejeniyar da muka sa wa hannu, sai ka ba da notis na wata guda cur, kana aiki har ya cika. Nawa kuwa zai wuce wa'adin Kano.

Na durƙusa gaban Malam Sule, mai kula da ayyuka. Na ce, "Ranka ya daɗe, a taimaka a rage mini."

Ya ce, "Yarjejeniya ta yarda a rage in mu biyu mun amince. Amma rijiyar da ka fara a ƙauyen nan na gefen garin Babban Mutum fa? Damina ta kusa, in ka bar ta rabi za ta rufta. Ranar da ka taɓa ruwa, ranar na sallame ka."

Na koma ƙauyen muka ci gaba da haƙa, amma marmara muka tarar, diga sai tartsatsi take yi. Na gaya wa mai gari halin da nake ciki. Na zaci zai so in daɗe. Sai ya yi dariya ya ce, "Helma, kai Kano kake so, mu ruwa muke so, ai tafiyarmu ɗaya." Ya sa aka kira gayya.

Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Maza suna jan ƙasa a jere, mata suna kawo fura, Fulanin da ke shayarwa nesa suka kawo shanu suna ja mana igiya. Mu muna cikin rijiyar muna karɓa-karɓa. Wata rana da hantsi na buga diga, ta nutse, yashi mai sanyi ya cika mini tafin hannu, ruwa ya fara tsattsafowa. Na ɗaga kai na ƙwala ihu, sama ta ɗauka da guɗa.

Muka zura zobban siminti, Malam Sule ya zo ya leƙa, ya ce, "Tafi, Allah ya ba da sa'a." Da laka a wandona na hau motar Kano.

A nan na gane notis ba don a wahalar da mai tafiya aka yi shi ba, don waɗanda zai bari ne. Na haƙa burtsatse da yawa bayan nan, amma a ƙauyen nan kaɗai ake kiran rijiya da sunana.