Munzali da ƙauyen da aka share

Rubuta yadda na faɗa, kar ki gyara mini baki.

Munzali ɗan Kalilu acaba yake yi a Zango. Ba hanyar shanu ko ta ƙafa da bai sani ba har garin Babban Mutum. To, samari suka haɗa wata taswira a waya, wadda kowa ke iya leƙa cikinta ya gyara, shi ma ya shiga. Duk inda ya sauke fasinja sai ya tsaya ya zana hanyar. Da hannunsa ya sa ƙauyensu, Unguwar Ɗorawa, har baƙin direbobi suka fara zuwa ɗaukar gyaɗa bakin rumbu.

Da fari a fili ake shawara, kowa na gani. Daga baya mutum uku suka ware zaurensu a cikin wayar, suka rufe. Sai dai a wayi gari a ga hukunci. Wata safiya Munzali ya duba, babu ƙauyensu. Wurin fari fat, kamar ba a taɓa haihuwar kowa a nan ba. Motoci suka ɗauke ƙafa, gyaɗa na zaune.

Ya iske Mahdi, babban mutum ukun nan, a shagon Chukwudi mai kayan babur a Daura.

"Malam Mahdi, wa ya share mu?"

"An ce ba kowa a wurin. Mu uku muka yarda, ni da Hussaini da Musaddiq."

"Wane Musaddiq? Wanda muka binne da damina?"

Mahdi ya miƙo wayar. Ga sunan, ga "na yarda", kwanan nan. Ashe Mahdi bai san da rasuwar ba, don a zauren nan ba mai ganin fuskar wani.

Chukwudi ya ce, "Oga, har lahira akwai sabis ke nan?" Ba wanda ya yi dariya.

Munzali ya je wurin Barakatu, matar mamacin. Ta buɗe adaka ta ciro wayar mijinta, gilashi a fashe, batir ya kumbura, ko kunnuwa ba ta yi.

A ranar nan Mahdi ya buɗe zauren, ya ce kowa ya faɗi nasa a fili: a mai da Unguwar Ɗorawa ko a bari? Sunaye suka yi ta shigowa, aka mai da ita. Munzali ya bi masu yarda ɗaya ɗaya da yatsa. Can ƙasa, ga sunan Musaddiq.

Motocin gyaɗa sun dawo. Munzali na nan yana acabarsa, yana zane. In an tambaye shi zancen, sai ya ce shi dai yanzu ba shi kaɗai ke ganin sunan ba.