Lambun da na bayar a kan duwatsu

Ko nawa ya rage min a duniya, ba zan manta da shekarar da na raba gidanmu da lambun mahaifinmu ba.

Saura shekara biyu a samu mulkin kai, ina dillancin gyaɗa a Damagaram. Wani Nasara mai binciken duwatsu ya ɗauke ni in yi masa jagora zuwa baƙaƙen duwatsun da ke gabas da Mirriya. Ya ce da can wuta ce ta ɓullo daga cikin ƙasa ta daskare, kuma irinsu ne ke ɓoye kuza da wasu ma'adinai masu wuyar samu. Sai ya ɓalli dutse da guduma, ya duba da ɗan madubi, ya jefa a jaka, ya shafa wa wurin jan fenti.

Mu a kasuwa ba a sa wa buhu alama sai an saye shi. Da na ga gonar wani tsoho ta cika da jan fenti, sai na kama bakina. Ban tambayi Nasaran komai ba, don kar zancen ya fita wani ya riga ni.

Ni da yayana muka gaji lambu a Mirriya, rijiyarsa ba ta ƙafewa ko da bazara. Na ce mu yi musaya da tsohon.

"Kai, dutse ake ci?" in ji Yaya.

"Yaya, ka taɓa ganin na faɗi a ciniki?"

Bai taɓa gani ba, shi ya sa ya yarda. Tsohon kuwa sau uku yana tambayata a gaban liman ko lafiyata ƙalau.

Bayan damina Nasaran ya dawo da takardunsa. Na kai shi gonar, na kira shi yadda muke kiran Nasara da harshensu, na ce, "Mushe, yaushe za a fara haƙa?"

Ya ce fentin don kar ya ɗebi wuri ɗaya sau biyu ne kawai. Ma'adinin yana nan, amma a buhu ɗari na dutse ba za a samu cikin cokali ba. "Ba wanda zai zo," in ji shi.

Geron da muka shuka a can bai kai gwiwa ba. Yaya ya kwashi iyalinsa ya tafi Kano ƙwadago, can ya rasu. Bai taɓa yi min gori ba. Da ma ya yi.

Tun daga nan, in na ga abin da ban gane ba, a fili nake tambaya, ko da wani zai riga ni. Na makara wajen koyon wannan, kuma ba ni ne na fi shan wahalarsa ba.