Malcolm Tordoff da Gwiwar Mai Rufi

Malcolm Tordoff yana ɗingishi, kuma a duk garin Harnthorpe ban san mutumin da ke ƙaunar aibinsa kamar yadda yake ƙaunar ɗingishin nan ba. Ranar Asabar idan ya shiga mashayar ƙungiya, sai ya ja ƙafar hagun a hankali domin kowa ya gani, ya ɗora ta a kan kujerar da wani zai zauna, sannan ya jira a tambaye shi abin da ya same ta. Baƙi ne kawai suke tambaya. Mu 'yan gari mun daɗe da haddace amsar.

Aji ɗaya muka yi da shi a firamare. Ni na ci gaba da karatu har na dawo na koyar a makarantar. Shi kuwa yana da shekara goma sha shida wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan ƙwallon ƙafa ta rukuni na huɗu ta ɗauke shi. Mahaifinsa mahaƙin kwal ne, mutum mai kunya, wanda ya yi kuka don murnar ɗansa ya tsira daga shiga rami. Ɗan wasan tsakiya aka mai da Malcolm. A sanina, aikin mai wannan gurbi shi ne ya karɓi ƙwallo daga 'yan baya, ya ɗaga kai, ya miƙa ta ga na gaba. Malcolm bai taɓa ɗaga kai ba. Abin da ake biyansa ya yi shi ne ya nemi wanda ya fi kowa iya wasa a cikin abokan hamayya, ya bi shi da duka a ƙwauri har ya manta da iyawarsa. Ƙwallayen da ya zura a raga tsawon wasansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

A zamanin, da zarar hunturu ya shigo filayen wasa taɓo ne har idon sawu, kuma likitan kowace ƙungiya wani dattijo ne mai bokitin ruwan sanyi da soso. Ko mutum ya gurɗe, ko haƙori ya fita, ko haƙarƙari ya karye, magani ɗaya ne: a matse masa soson a wurin, a matse masa a ƙeya, a ɗaga shi tsaye. Wanda ya ci gaba da wasa shi ne namiji. Wanda aka ɗauko a kwance kuwa, abokansa za su yi ta tsokanarsa har ƙarshen kaka.

Yana da shekara ashirin da bakwai gwiwarsa ta hagu ta samu rauni. Likitan asibiti ya ce ya huta. Malcolm ya zaɓi a riƙa yi masa allurar kashe zafi kafin kowane wasa, domin ƙungiyar tana gab da faɗuwa daga rukuninta, kuma ya yi imani ba za ta tsira ba sai da shi. Bai kai talatin ba ƙafar ta ƙare. Ƙungiyar kuma ta faɗi duk da haka, amma wannan ɓangaren ba ya cikin labarin da yake ba baƙi.

Ya dawo gida ya kama aiki a shagon taya, aka ba shi kocin ƙungiyar garinmu. 'Yan wasanmu ba ƙwararru ba ne. Masu aikin famfo ne, da direbobin motar kaya, da mahauci ɗaya. Suna aikinsu duk mako, su yi atisaye da yamma, su buga wasa ranar Asabar. Dokokin Malcolm ba su da yawa. Ba a sa safar hannu ko da dusar ƙanƙara na sauka. Ba a sa riga mai dogon hannu. Ba a ba juna ƙwallo a ƙasa. "Ku buga ta sama," in ji shi, "a can ba mai ƙwace ta." Wata matashiya da ta karanci gashin ƙashi da jijiyoyi ta taɓa zuwa ta ce za ta riƙa duba 'yan wasan kyauta, ya gode mata, ya nuna mata inda mata ke dafa shayi. Bokitin da soson shi ke ɗaukarsu da hannunsa, alhali sauran ƙungiyoyi sun daɗe da jefar da nasu.

Kyaftin ɗinsa a shekarar da nake magana Kieran Utley ne, mai rufin gidaje, wanda na koyar tun yana ɗan shekara bakwai, shi da Shelley wadda daga baya ta zama matarsa. Kieran ba haziƙi ba ne, amma yana da kirki, kuma duk gari an yarda ba wanda ya kai shi iya jera falalen rufi. Da wannan sana'a yake ciyar da mata da 'ya'ya mata biyu. Mai rufi kuwa da gwiwa yake aiki: da ita yake hawa tsani ɗauke da kaya a kafaɗa, a kanta yake durƙusawa yini guda. A farkon Oktoba ya murɗe ta dama a wani wasa. Likita ya ce jijiyar ta tsage rabi, ya huta har bayan Kirsimeti, in ba haka ba za ta tsinke, kuma ba ya lamunce masa sake hawa tsani.

Sai aka yi rashin sa'a ƙungiyarmu ta yi nisa a gasar kofin ƙasa. Wasa ɗaya ya rage mu shiga zagayen da ƙwararru ke shigowa, abin da garin bai taɓa gani ba.

Ina ɗakin girkin Shelley da la'asar ranar Alhamis, ina sauraron karatun babbar 'yarta, Malcolm ya shigo bai ko goge takalmi ba.

"Ina kyaftin ɗina?"

"Yana falo, ƙafa a kan matashi, yadda likita ya ce," in ji Shelley. "Shayi zan ba ka, ba miji ba."

"Kai, 'yar nan, bakinki ya fi wuƙar mahauci." Sai ya hango ni. "Au, Malama Ackroyd ma tana nan. Yau na shiga tsakanin alƙalai." Ya wuce falo, muka bi shi. "Tashi mu gani, ɗana."

Kieran ya dafa kujera ya miƙe.

"To ga ka tsaye. Me ya rage?"

"Oga, likita ya ce jijiyar ta tsage rabi."

"Rabi ya saura ke nan. Ni da kwata na yi kaka biyu. Likitan nan ya taɓa buga ƙwallo? Na tabbata da safar hannu yake kwana."

"Shi ya sa kake hawa bene a karkace kamar ƙaguwa," in ji Shelley. "Gaya mini, da wace ƙafa zai hau tsani ranar Litinin? Ko kai za ka hau masa?"

"'Yar nan, rufi yana nan har abada. Yaushe ruwa ya taɓa daina sauka a garin nan? Wasan nan kuwa sau ɗaya yake zuwa a rayuwar mutum." Ya kurɓi shayin da aka ba shi, ya juya ga Kieran, ya sassauta murya. "Ni ba na tilasta wa kowa. In ba za ka iya ba, ba komai. Sai in gaya wa yaran kyaftin yana gida, uwargida ta ce ya huta."

Kieran ya sunkuyar da kai, kunnuwansa suka yi ja. Na san wannan jan tun yana aji, kuma na san magana ta ƙare. Shelley ma ta sani. Ta karɓe kofin daga hannun Malcolm tun bai shanye ba.

Ranar Asabar gari ya tashi kaf ya koma fili. Ina rumfar shayi tare da sauran mata, daga nan kuma ana ganin komai. An naɗe gwiwar Kieran da bandeji har ta kai kaurin cinyarsa. Abokan hamayya ba makafi ba ne. Sun ga farin ƙyallen, suka riƙa kai wasa ta gefensa. Bai kai hutun rabin lokaci ba. Ba ma wanda ya taɓa shi. Ya juya zai bi ƙwallo, takalminsa ya kafe a taɓo, jiki ya juya, ƙafa ta ƙi. Har rumfarmu muka ji ƙarar da ya yi.

Malcolm ya shiga fili yana ɗingishi, ruwa na fantsama daga bokiti. Ya matse soso a kan bandejin, ya matse a ƙeya, ya kama shi ta hammata ya ɗaga. Kieran ya tsaya, 'yan kallo suka yi tafi. Ya taka sau ɗaya ya zube. Sai da alƙalin wasa ya tsawata wa Malcolm kafin ya ajiye soson ya bari a ɗauke shi. Shelley ba ta yi kuka ba. Ta kwance ƙyallen girkinta, ta ninke shi, ta bi motar asibiti.

Mun ci wasan da ɗaya da nema. Mahaucin ne ya buga ƙwallo sama kamar yadda aka koya masa, iska ta kwashe ta, mai tsaron gidansu ya zame. Aka ɗauki Malcolm a kafaɗa aka zagaya fili da shi. A zagaye na gaba ƙwararru suka zo suka zura mana bakwai, suka yaba da shayinmu, suka tafi.

Malcolm ya je duba Kieran a asibiti sau ɗaya, da ledar inabi. Shelley ta ce ya zauna a bakin gado yana ba da labarin ƙwallon mahauci har ya cinye inabin. Da zai tafi ya dafa kafaɗar mara lafiya ya ce, "Yanzu ka zama ɗan ƙwallo na gaske, ɗana." An yi wa gwiwar aiki sau biyu. Ta warke yadda za a taka ta a miƙaƙƙiyar hanya, amma ba ta durƙuso, ba ta tsani. Kieran ya sayar da motar aikinsa da tsanukansa, ya kama aiki a shagon kayan gini na bakin gari, yana miƙa ƙusa ga mutanen da shi ya koya wa riƙe guduma. Shelley ta ƙara aikin shara a gidan tsofaffi a kan wanda take yi.

Malcolm ya ci gaba da koci har gashinsa ya yi fari. Ƙungiyar ba ta hau ba, ba ta sauka ba. Da ya yi ritaya aka yi masa walima, aka ba shi agogon bango, shugaban ƙungiya ya yi jawabi ya ce ba a ƙara haihuwar irinsa. Na yi fatan gaskiya ya faɗa.

Kwanan baya na je shagon kayan ginin don sayen fenti, na tarar Shelley ta kawo wa Kieran abincin rana. Yana zaune a kan doguwar kujera a bayan kanta, ƙafar a miƙe. Ruwa ake yi, kuma a ƙetaren titi wasu samari biyu suna kan rufin coci suna ja masa tamfol. Idonsa yana kansu.

"Sun fara ta gefen da bai dace ba," in ji shi. "Kafin bazara sai an sake."

Na ce, "Kieran, in tambaye ka. Da za a mai da kai ranar Alhamis ɗin nan, me za ka ce wa Malcolm?"

Ya juya gwangwanin fentin a kan kanta. Sannan ya yi murmushi irin na yaron da ya tabbata ya san amsa.

"Malama, ai mun ci wasan."

Shelley ta ajiye masa ƙunshin abincin, ta ɗauki laimarta. "Ci maza," in ji ta. "Ni zan koma wajen tsofaffina. Su aƙalla sun san abin da ya same su."