In'inar Ɗan Mai Aski

Shiru ake kiransa a unguwar, har kakarsa ma da sunan take kiransa. In'ina ce ta jawo masa. Tun yana ƙarami kalma kan maƙale masa a maƙogwaro, ya yi ta kokawa da ita har jijiyoyin wuyansa su miƙe, yara su kwashe da dariya. Sai ya koyi kama bakinsa. Babansa mai aski ne, yana da ɗan shago mai kujera biyu da tsagaggen madubi, shi kuwa bakinsa ba ya hutawa. Masu zuwa aski kan tsokane shi cewa shi ya cinye rabon maganar ɗansa.

A takarda kam babu mai kama ƙafar Shiru. Yana ajin ƙarshe na sakandare malamin lissafi ya sa shi neman wani tallafin karatu da ke ɗauke wa ɗalibi komai a jami'a, har masauki da abinci. Ya duƙufa da karatu har ya rame kamar mai jinya, ya kuma ci jarrabawar. Sai aka ce saura ganawa ido da ido, kuma ƙalilan za a ɗauka.

Shugaban makarantar ma ya faɗa wa malamin a gaban Shiru cewa da ma wani yaron ne ya samu wannan dama, don wannan kunya kawai zai kwaso musu.

Baban ya kafa doka a shago: duk wanda ya zo aski sai ya yi wa Shiru tambaya kafin a taɓa kansa. Mutane suka karɓi abin da wasa. Amma da yaron ya fara jan kalma, sai tausayi ko gajen haƙuri ya sa su ƙarasa masa, kuma da zarar an ƙarasa masa, sauran maganar sai ta watse daga kansa. Wani tsohon direba mai zafin rai ya tambaye shi dalilin da zai sa a ba shi tallafin a hana wani. Shiru ya tsaya a kan "saboda" har gumi ya keto masa. Direban ya ja tsaki, ya ce wa mai aski ya fara kawai, yana da fasinja.

Shiru ya koma gida ya ce wa mamarsa ya fasa zuwa. Ba ta lallashe shi ba. Ta ce in faɗuwar ce ya je ya faɗi a can, ba a tsakar ɗakinta ba, sannan ta ɗauko farar rigarsa ta hau guga.

Ɗakin ganawar akwai sanyi. Mutum uku ne a bayan dogon tebur, wata mata mai tabarau a tsakiya. Yaron da ya riga shi shiga ya fito yana murmushi. Matar ta tambayi Shiru abin da yake so ya karanta. Ya so ya ce injiniyancin ruwa, amma ya maƙale a kan "ru". Mutumin hagu ya dubi agogonsa. Matar ta buɗe baki za ta taimaka, sai kawai Shiru ya ga hannunsa ya ɗaga.

"Ranki ya daɗe, ki... ki bar ni. Zan ƙa-ƙarasa da kaina."

Ta ajiye biro ta zuba masa ido. Ya ja numfashi, kalmar ta fito. A hankali, yana tuntuɓe yana tashi, ya ba su labarin bututun layinsu da ke fashewa duk damina, da abin da ya gano game da nauyin ruwa a gangare. Ya ci lokaci sosai. Babu wanda ya yi murmushi, babu kuma wanda ya sake katse shi.

Ya fito riga sharkaf da gumi. Ya ce wa babansa ya ɓata komai, ya yi wa babbar mace rashin kunya. A makonnin da suka biyo baya ko sunan tallafin ba a ambata a gidan.

Wata hantsi wayar mai aski ta yi ƙara yana tsakiyar aski. Mai kiran ya ce da ɗalibin yake son magana. Shiru ya karɓa da hannu biyu, ya juya wa mutane baya. Ya daɗe yana sauraro, injin aski na ta gurnani a hannun babansa. Can ya sauke wayar.

"Baba, an... an ba ni."

Mai aski ya kashe injin, ya zauna a ɗaya kujerar, ya rufe fuskarsa da tawul. Mutumin da ake wa askin ya yi haƙuri na ɗan lokaci, sannan ya ce yana taya su murna ƙwarai, amma ba zai fita titi da rabin kai ba.

Yanzu Shiru yana aiki a wata matatar ruwan sha. In'inar tana nan, sai dai a taron ofis ma'aikata sun saba jira har ya kai ƙarshen zancensa.