Kayan Makarantar da Aka Sa a Ƙarƙashin Gada

A shekarun da muka zauna a unguwar Bani Malik a Jidda, maigidana yana aikin kwantiragi a tashar jiragen ruwa, akwai wata maƙwabciyata da ta zo umara tun tana budurwa ba ta koma ba. Shara da wanki take yi a gidajen masu kuɗi a Abhur. 'Yarta a Jidda aka haife ta, Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, amma ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, don haka ba makarantar da za ta karɓe ta.

Na ba yarinyar tsohuwar rigar makarantar 'yata, maryul muke ce mata, da nufin ta riƙa sa wa a gida. Ashe kullum da safe sai ta sa, ta bi sauran yara har ƙofar makaranta, su shige, ita ta juyo. Ta taga nake ganin dawowarta.

Wata shekara ƙanena da ke zaune a Amurka ya zo umara. Muna cin abinci, maƙwabciyar tana taya ni kwashe kwanoni, ya kawo labarin wakiliyarsu a majalisar jiha. Ya ce jikar 'yan Meziko ce, a Amurka aka haife ta, ta tashi tana tsinkar albasa a gonakin mutane tare da uwarta. Ta yi koyarwa, ta jagoranci ƙungiyar ma'aikatan gona, har aka zaɓe ta. Abin da ta sa a gaba: yaro ya shiga aji ko iyayensa ba su da takarda, a buɗe ƙananan asibitoci a unguwanninsu, a ba masu aikin gona ruwan sha da inuwa.

"Kai dai da zuƙi tun kana yaro," na ce.

"Wallahi Yaya, ni da hannuna na jefa mata ƙuri'a."

Maƙwabciyata ta ajiye kwano. "Alhaji, mace ce fa ka ce? Kuma ba Musulma ba?"

Ya ce e. Ta ɗauki kwanon ta ci gaba da kwashewa.

Ni ce abin ya ci. Na sa maigida ya kai maganar yaranmu marasa iƙama ga dattawan Hausawan unguwa. Suka ce a yi haƙuri, a yi addu'a, kada a jawo ido. Addu'a ina yi, ba sai sun tuna mini ba! Amma su 'ya'yansu suna cikin aji, da takardunsu. Wata can da ba ta taɓa ganin Ka'aba ba ta tsaya wa yaran da ba nata ba, mu da muke sallah a kusa da Ɗakin Allah mun rasa mai buɗe baki.

Bayan Ramadan maƙwabciyata ta shigo ta ce, "Hajiya, halas, shi ke nan. Gada za mu." Akwai gadar da marasa iƙama ke zama a ƙarƙashinta har hukuma ta kwashe su ta mayar ƙasarsu. Ta ce a Kano ko ba komai yarinya za ta shiga aji.

Na kai musu abinci can. Rana tana dukan kwalta, mutane kwance a kan kwali. Yarinyar tana zaune a kan jakarsu cikin maryul ɗin nan, an goge shi tsaf.

"Khala," ta ce mini, yadda ake kiran inna da Larabci, "a Kano ma irin wannan ake sa wa?"

Na ce ban sani ba. Har yau in na tuna cewa sai da ta bar garin da aka haife ta kafin ta zauna a aji, raina yana tafasa.