Kusurwar da Malam Zailani Ya Ɓalle

A Limawa idan ka ce Malam Zailani mai fasa dutse, ba sai ka ƙara kwatance ba. Shekara talatin yana hawa duwatsun bayan gari. Tsoffin tayoyi yake jibga wa dutse ya cinna wuta, ya bar shi ya gasu tun hantsi har la'asar, sannan ya kwara masa ruwan sanyi. Dutsen ya yi ƙara kamar bindiga ya tsage, sai kuma aikin guduma. Ɓarɓashi ya tsiyaye masa idon hagu, dutse ya cinye masa yatsu biyu. Ga zuciyar tsiya, ko gaisuwa yake yi sai ka rantse faɗa ne.

Ɗa namiji ɗaya gare shi, Sharhabilu, wanda ya nace sai aikin soja. Shekarar da ya nema, gurbin 'yan jiharsu ya cika. Malam Zailani da ƙafarsa ya je wajen dangin matarsa a jihar maƙwabta, ya samo masa takardar shaidar ɗan can. Lokacin ba wanda ya ɗauki wannan a bakin komai.

Bayan shekara huɗu motar su Sharhabilu ta taka nakiya a dajin gabas. Abokinsa da ya dawo da ƙafa ɗaya ya ce sama motar ta yi tana ci da wuta, waɗanda suka rarrafo da rai aka bi su da harsashi. Abin da aka tsinta na Sharhabilu bai cika likkafani ba. Can aka binne shi, uban bai taɓa ganin kabarin ba.

Da aka kafa kwamitin gina wurin tunawa da sojojin jihar da suka mutu a fagen fama, 'yan kasuwa suka ba da siminti, masu tifa suka zuba yashi. Malam Zailani ya ce allon dutsen da za a rubuta sunayen, shi zai fasa shi kyauta. Wata biyu ya yi yana dambe da dutse ɗaya, fatar hannunsa ta saluɓe, don kawai ɗansa ya sami wuri a garinsu.

Ana jibi za a buɗe, ya je da azahar. Ba ya karanta boko, sai ya roƙi sakataren kwamitin, Alhaji Zuhair, ya ɗora masa yatsa a kan sunan. Alhaji ya yi ta juya takardu.

"Baba, sai haƙuri. A rajista ɗanka ba ɗan jihar nan ba ne."

"A ɗakina aka yanke masa cibiya, Alhaji! Nan Limawa!"

"Wallahi na sani, Baba, amma takarda muke bi. Wa ya nemo masa ta can?"

Malam Zailani ya san wanda ya nemo. Ya tafi gida ya dawo da guduma.

Ya san jijiyar dutsen nan. Bugu ɗaya a tsakiya, allon zai rabe da sunayen duka. Ya ɗaga gudumar, ya tuna su ma 'ya'yan mutane ne, sai ya sauke ta a kusurwar ƙasa inda ba rubutu. Kusurwar ta ɓalle. Masu gadi suka rufe shi da kulake, suka fasa masa kai, suka karya masa wuyan hannu da haƙarƙari biyu. Ya kwanta a kan guntun dutsen jini na zuba, duk dukan nan bai sake shi ba.

An liƙe wurin da siminti sau biyu yana zubewa, aka gaji aka bari. Hannun Malam Zailani bai sake riƙe guduma ba, guntun kuma yana nan a ɗakinsa.

Masu zuwa kallo ba kasafai suke karanta sunayen ba, kusurwar suke nunawa su tambayi abin da ya same ta. Mai gadin, wanda shi ne ya karya hannun, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wurin Sharhabilu ne, ɗan Limawa."