Darar Maccido da Wanda Ya Sayar da Yusha'u

Maccido manomin gero ne a Dinawa, amma ba da gero aka san shi ba, da dara aka san shi. Da zarar an yi girbi zai haƙa gurabensa a gindin tsamiya, ya yi ta lallasa mutane yana yi musu dariya. Mutum ne mai riƙo, kowa ya sani.

Shekarar da Nasara ke ɗiban mutane aikin kuza a Jos, aka ce ƙanensa Yusha'u na cikin masu tafiya. Maccido ya ɓoye shi a rumbun gona. Abokansa uku kaɗai suka sani, Bube da Isa da Mainasara. Sai ga Shittu, yaron hakimi, ya zo da 'yan doka, ko waiwaye ba su yi ba sai bakin rumbun. Aka tafi da Yusha'u, sanyin Jos ya kashe shi can.

Kai, Maccido ya sha baƙin ciki! Ya san dara ta ci gida, amma wanne cikin ukun? Kowannensu ya rantse ba shi ba ne, har da hawaye.

Wata ranar kasuwa a Rabah Maccido ya tarar da Shittu ana dara, ya danne zuciya ya zauna. Suna cikin jera 'ya'ya sai Shittu ya bar masa gurbin tsakiya kamar mantuwa, ya kewayo ta gefe. Nan take Maccido ya gane dabarar. Wannan tarkon nasa ne, shi ya ƙago shi, bai taɓa yin sa a bainar jama'a ba. Bube bai ko iya dara ba. Isa kuwa ya nemi ya koya masa, ya hana shi. Mainasara kaɗai ya koya wa, a zaure.

Ya ce, "Malam Shittu, hannunka ya nuna. Wa ak koya maka wagga dabara?"

Shittu ya washe baki. "Wani mutumin garinku na, Mainasara. Bara kullum muna tare."

Ga shi Mainasara ya rantse bai taɓa ko gaisawa da Shittu ba.

Maccido bai ɗauki sanda ba. Ya jira ranar da gindin tsamiya ya cika, ya tsai da Mainasara ya zayyane kome, ya tofar da yawu a gabansa. Daga ranar ba mai cin tuwo da Mainasara, ba mai zuwa masa gayya. In wani ya fara sassautowa, Maccido ya bi shi har gida ya tuna masa. Haka suka tsufa.

Da ciwon ajali ya kama Mainasara, ya aiko Isa neman gafara. Isa ya ce, "Haba Maccido, mi kaka so kuma? Mutum na bakin kushewa."

Maccido ya ce, "To, ya kusa ke nan. Ka ce mai ba ni ad da gafarar ba. In ya isa lahira, shi roƙi Yusha'u."